Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan safar hannu mai inji ta masu shanyewar ɓarin jiki

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Na ga kin ce wata huɗu kenan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ƙafa ta fara takawa amma hannu na nan a dunƙule, kuma kin ga tallar safar nan ta robot mai buɗe yatsu da rufewa, kina so ki san ko da gaske tana gyara ƙwaƙwalwa kafin ki zuba kuɗinki. Ni a ɓangaren gashin ƙashi (physiotherapy) na asibiti nake aiki kuma na sa wa marasa lafiya irinta, dan haka bari in faɗa miki abin da na sani tsakani da Allah.

Da farko ki sani ciwon ba a hannun yake ba. Saƙon motsi daga saman ƙwaƙwalwa yake tasowa ya sauko, a wajen ƙeya ya tsallaka ɗaya ɓangaren sannan ya bi laka zuwa hannu, shi ya sa in dama ta shanye to hagun ƙwaƙwalwa ne ya taɓu. Yatsu kuma su suka fi dogara da wannan hanyar, shi ya sa za ki ga ƙafa ta riga hannu dawowa, kafaɗa ta riga yatsu.

Ƙwaƙwalwa tana iya sake tsara kanta, wannan ba magana ce ta lallashi ba. A 1996 wani masani a Amurka, Randolph Nudo, ya gwada da birai, aka lalata ɗan ƙaramin wuri a sashen da ke juya hannu, waɗanda aka bari haka nan sai sauran wurin hannun da bai lalace ba ma ya ƙara tsukewa, waɗanda kuma aka sa su ciro ƙwayar abinci daga 'yan ƙananan ramuka kullum kullum, wurin bai tsuke ba, a wasu har faɗi ya ƙara. Kin ga kenan zaman da hannu yake yi a kan cinya ba hutu ba ne, asara ce ake ƙarawa.

To a nan amfanin inji yake. An taɓa ƙirgawa a 2009 a wasu asibitocin Amurka da Kanada, aka ga a zama ɗaya na gashi mara lafiya yana yin motsin aikin hannu kamar sau 32 ne kacal, alhali wani injin robot na horar da hannu mai suna MIT-Manus yana kai mutum sama da sau 1,000 a awa ɗaya. Inji ba ya gajiya ba ya ƙosawa, mu kuwa 'yan adam ne ga layi na jira. Kuma an leƙa ƙwaƙwalwar an gani, a 2008 a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine an ba mutum 13 horon damƙa da saki da wani inji na sati uku, da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu sai aka ga wurin hannu ya ƙara aiki lokacin da suke damƙa, amma da aka sa su juya tafin hannu sama, motsin da ba a koya musu ba, ba a ga wannan ƙarin ba. Abin da aka maimaita shi kaɗai ƙwaƙwalwa ta ɗauka.

Sai dai fa ga inda mutane suke faɗawa, kuma wallahi shi ya fi damuna. Ana sa wa tsoho safa a kunna, tana fuu tana buɗe yatsu tana rufewa, shi kuwa ya jingina da filo yana jin rediyo ko ya yi gyangyaɗi, 'yan gida na murna ai yau an yi awa biyu. Wannan yana sassauta gaɓoɓi ya rage ƙagewa, yana da amfaninsa, amma ƙwaƙwalwa ba ta koyi wani abin kirki ba. Fasinja zai shekara ana kai shi unguwa bai riƙe hanya ba, direba kuwa in ya bi sau biyu ya riƙe. An gwada ma da masu lafiya a 2003, waɗanda suka motsa wuyan hannu da kansu sun fi waɗanda inji ya motsa musu ƙwarewa, kuma a ƙwaƙwalwarsu canjin ya fi fitowa.

Yadda nake yi shi ne, in ɗora hannun a kan tebur gaban mutum, in ce Baba kalli yatsunka, buɗe. Sai in yi shiru in jira. Za ki ga goshinsa ya tattare, yana cije leɓe, wani lokaci lafiyayyen hannun ma yana motsi shi kaɗai, can sai manuniya ta ɗan yi rawa kamar ba ta yi ba, to a daidai nan nake danna injin ya ƙarasa buɗewar. Niyya ta fita daga sama, ido ya ga hannu ya buɗe, jin motsin ya koma ƙwaƙwalwa a lokaci ɗaya, wannan haɗuwar ita muke nema. Minti ashirin a haka mutum yana zufa ya fi min awa biyun gyangyaɗi nesa ba kusa ba. Kuma in ya fara iyawa dole a rage taimakon, dan jiki in ya ga ana yi masa aiki sakewa yake yi.

Maganar ko inji ya fi mutum kuwa, an yi manyan gwaje-gwaje. A 2010 a asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka, mutum 127, injin bai fi ma'aikacin gashin da ya ba da horo mai yawa daidai da nasa ba. A 2019 a Birtaniya aka yi wanda ya fi girma, mutum 770, minti 45 sau uku a sati har sati 12, a ƙarshe aikin hannun masu robot bai fi na waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba ba. Waɗannan fa manyan injina ne masu tsadar gaske, ba 'yar safar da ake talla a Facebook ba, dan haka duk mai ce miki sati biyu hannu zai dawo kuɗinki yake so. Kuma kar wani ya karya miki gwiwa wai lokaci ya wuce, watannin farko sun fi saurin canji gaskiya ne, amma a asibitin Queen Square na Landan suna ba da horon awa 90 cikin sati uku, da yawan marasa lafiyar sun haura shekara da ciwon kuma sun samu ci gaba.

Shawarata, kafin ki saya ki kai shi wajen mai gashi ya duba abu uku, ko yana iya miƙe yatsa ko da kaɗan, ko yana jin taɓi da zafi a hannun, da kuma yadda yatsun suka ƙage. In ba ya ji sosai safa na iya matse shi ta yi masa rauni bai sani ba, in sun ƙage da ƙarfi kuma a tilasta su ciwo za a ƙara. Dan Allah kar a riƙa jan wannan hannun wajen tayar da shi, kafaɗar a sake take, gocewa take yi, in ta fara ciwo kuma horon gaba ɗaya tsayawa yake.

In an saya, ana cire safar a miƙa masa abu na gaske tun hannun na sake, kofin roba, carbi mai manyan ƙwayoyi, murfin buta, hularsa, ko ya danne kwano da shi yana ci da ɗayan. In kuɗin bai kai ba kuma kar ki ci bashi, ke ko wani ƙaninki za ku iya zama ku yi aikin injin da hannunku, ya yi ƙoƙari ku ƙarasa masa, ku riƙa ƙirgawa kuna rubutawa a littafi dan a ga ana ƙaruwa. Maganin hawan jini in an ɗora shi a kai kar a yi wasa da shi ko na kwana ɗaya.

Ki gwada yau da daddare, ki kife tafin hannunsa a kan tebur ki ce ya ɗaga yatsa ko wanne ne, ki faɗa min abin da kika gani da kuma ko maganarsa ta taɓu, sai in gaya miki atisayen da za ku fara da shi.