Yaya zan tare tsutsar kwamfuta ba tare da na tsayar da aiki ba?

Tambaya: Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta. Ina tsoron bairos ɗin nan mai yaɗa kansa, amma duk lokacin da na tsaurara tsaro sai malamai su ce firinta ta ƙi, ko ba sa ganin fayilolinsu. Ina mafita?

Amsa: Malam, malaman nan suna da gaskiya. Matsalar ita ce kana rufe komai a dunƙule, alhali hanyar da tsutsa ke bi ƙarama ce.

Tsutsa ba ta jiran kowa ya latsa wani abu. Da ta shiga na'ura ɗaya sai ta fara laluben maƙwabta. Tsutsar WannaCry, wadda ta ɓarke ranar 12 ga Mayu 2017 ta shiga ƙasashe kusan 150 har ta gurgunta asibitoci a Ingila, ta ƙofa mai lamba 445 ta riƙa bi, ƙofar da Windows ke musayar fayiloli ta ita. Abin takaicin shi ne Microsoft ya fitar da faci, wato gyaran manhaja da ke toshe wannan ɓaraka, tun watan Maris, mutane ne ba su saka ba.

To, duba yadda ake aiki a makarantarku. Kwamfutar malami da saba take magana, wato babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin kowa, sai firinta, sai intanet. Da wuya ta nemi kwamfutar malamin da ke gefenta. Don haka a garkuwar Windows, wato manhajar da ke tace abin da ke shiga da fita daga kwamfuta, ka bar ƙofar 445 a buɗe zuwa saba da firinta kawai, ka toshe ta tsakanin kwamfutocin ma'aikata. Malamai ba za su ji wani bambanci ba, ita kuwa tsutsa ta rasa wurin tsallakawa. Amma kafin ka toshe, ka yi mako guda kana lura da wa ke magana da wa, domin sau da yawa akwai firintar da aka rataya a kwamfutar wani. Irin wannan sai ka mayar da ita kan saba tukuna.

Kashe tsohon tsarin musayar fayiloli na Windows da ake kira SMBv1, sai dai idan wata tsohuwar sikana ta dogara da shi, ita ma ka ware ta gefe. Ɗakin kwamfutar ɗalibai da Wi-Fi na baƙi kada su haɗa layi da ofishin kuɗi. Faci kuma ka fara gwada shi a na'urori biyu ko uku, idan lafiya lau ka sake shi ga sauran bayan an tashi.

Idan ka ga na'ura ɗaya tana neman ɗaruruwan adireshin wasu na'urori cikin minti guda, ita kaɗai za ka zare wa waya, sauran su ci gaba da aikinsu yayin da kake bincikenta.