Ga mai raka Baba asibiti Alkahira: wuraren da za ku leƙa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa daga Jega, ka ce za ka raka mahaifinka Alkahira ganin likita, za ku sami kwana uku babu komai tsakanin gwaji da fitowar sakamako, kana tambayar ina ya kamata ku je. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Shekara biyar na yi a garin ina karatu a Azhar, kuma na zagaya da baƙi da dama daga Birnin Kebbi da Argungu da Gusau, don haka ga abin da na gani.

Yawancin mutanenmu da sun sauka sai dalar Fir'auna, sai kasuwa, sai gida. Wannan yana ba ni takaici, domin abin da ya fi shafar Bahaushe a garin nan yana cikin tsohon birni. Ku fara da masallacin Azhar. A shekarar 970 aka aza harsashinsa, aka fara salla a ciki a 972, kuma har yau ana karatu a zaune a gaban malami kamar yadda muke yi a zaure. Akwai ɓangaren da aka sani da Ruwaƙin Barnawa, wanda ya kasance masaukin ɗaliban ƙasarmu a zamanin da ake tafiya a kan raƙumi. Tun ƙarni na 13 ma sarakunan Kanem suka tanadar wa ɗalibansu makaranta a garin. In Baba mai zama tafsirin azumi ne, ka gaya masa Imam Suyuɗi, ɗaya daga cikin Jalalaini biyu, mutumin Alkahira ne, a nan ya rasu a 1505, kuma ya taɓa rubuta wa Sarkin Katsina wasiƙar nasiha. Shehu Dardir, wanda malaman fiƙihunmu ba sa rabuwa da sunansa, kabarinsa yana lungun bayan Azhar, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Wani dattijo da na kai wurin, daga wajen Gwandu, ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba. Da muka fito ya ce shekara arba'in yana karanta mutumin nan, bai taɓa kawowa a ransa zai tsaya a kansa ba.

Daga Azhar kana tsallaka titi sai masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili. Kasuwar ta cancanci a gani, amma kada ka yi sayayya a layin farko. Duk farashin da aka faɗa maka, ka taya ƙasa da rabi, in an ƙi ka yi gaba, za a kira ka. Jallabiya da turare da carbi sun fi sauƙi a lungunan ciki, littattafai kuwa shagunan bayan Azhar.

Rana ta biyu ku tafi masallacin Sultan Hassan, wanda aka fara ginawa a 1356. A wurina babu ginin da ya kai shi kwarjini a garin. An yi shi da makarantu huɗu, kowace mazhaba da tata, har da ta Malikiyya. A kan tudun da ke kusa da shi ga ganuwar Salahuddin, wadda aka soma a 1176, kuma daga can ake hango birnin gaba ɗaya. Sai dai akwai hawa, kuma mara lafiya ba a gwada ƙarfinsa. In ka ga ƙafar Baba ba za ta ɗauka ba, ku bar ta, ku wuce masallacin Ibn Ɗulun na shekarar 879. Fili ne mai faɗi, babu hayaniya, ga inuwa, mutum zai zauna ya yi lazuminsa ba mai damunsa. In da sauran ƙarfi da la'asar, hubbaren Imam Shafi'i ba nisa a mota.

Dalar Giza kuwa ban ce kada ku je ba. Gini ne da ya yi kusan shekara 4,500, babbar cikinsu ta kai mita 146 lokacin da aka gama ta, kuma hoto ba ya nuna girman duwatsun. Ku je da sassafe, awa biyu ta isa. Kada Baba ya shiga ciki, hanyar ƙunci gare ta, a sunkuye ake hawa, ga ƙarancin iska. Masu raƙuma kuma ka gama ciniki da su kafin kowa ya hau, ka tabbatar kuɗin ya haɗa da saukarwa. An taɓa riƙe wani baƙona a saman raƙumi sai da muka ƙara kuɗi, abin ya ɓata mana yini.

Gawarwakin Fir'aunoni da mutane ke yawan tambaya ba sa gidan tarihin Tahrir yanzu. A watan Afrilun 2021 aka mayar da 22 daga cikinsu gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, har da Ramsis na biyu. Wannan ya zo daidai, domin masallacin Amru bin As, na farko a ƙasar Masar, yana unguwar. Ku ga sarakunan a kwance cikin gilashi, ku fito ku yi azahar inda Sahabbai suka yi.

Ka riƙa kiran mota ta Uber, ya fi jayayya da direban tasi. In tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, ka sa wa Baba rigar sanyi mai kauri da safa a jaka, sanyin can ya fi hunturunmu ratsa ƙashi. Takardar asibiti da magungunansa kuma su kasance a aljihunka duk inda za ku.