'Yan Sanda Sun Saki Tifar Da Ta Karya Ƙanena, Shin Haƙƙinmu Ya Tafi Ke Nan?

Assalamu alaikum Barista. Ni mazaunin Tudun Wadan Zariya ne. Wata biyu da suka wuce, ƙanena wanda tela ne a Sabon Gari ya hau keke napep daga Kwangila zai je Samaru, sai wata tifar yashi ta taho ta baya ta kwashe su. Direban ya ce birki ne ya ƙwace masa. Ƙanena ya karye a cinya da ƙwauri, aka kai shi asibitin Shika. Da kuɗi suka ƙare muka ɗauke shi muka kai wa mai ɗori, har yau bai taka ƙafar ba. Mai tifar, wani Alhaji mai gidan bulo, ya aiko da naira dubu 200 a makon farko, daga nan ya daina ɗaga waya. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne 'yan sanda sun sakar masa motar ba da saninmu ba, alhali bai kamata ta fita ba sai an biya mu. Yanzu an aiko mana da takarda wai za su ƙara dubu 300 in sa hannu magana ta mutu. Wani kuma ya ce mana a Musulunci rabin diyyar rai muke bi. Shin sakin motar ya kashe maganarmu? Za mu iya kai 'yan sandan ƙara?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da zan faɗa ya dogara ne kacokan kan abin da ka rubuto. Ban ga takarda ko ɗaya ba, ban ji ta bakin mai tifar ba, don haka ka ɗauki wannan a matsayin haske kafin ka zauna da lauya ya duba takardunku.

Mu fara da motar, tunda nan ranka ya fi ɓaci. Tifar nan ba jingina ba ce a hannun 'yan sanda. Sun riƙe ta ne don bincike: a zana yadda abin ya faru a kan titi, a ɗauki bayanin shaidu, jami'an VIO masu binciken lafiyar motoci su duba birki da taya da sitiyari su rubuta rahoto. Idan an gama wannan, galibi sukan miƙa ta ga mai ita bisa sharaɗin zai kawo ta duk ranar da aka nema, kuma ba izininku suke jira ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana su kama mutum a kan abin da bai wuce taƙaddamar haƙƙi tsakanin mutum da mutum ba, kotuna kuma sun sha nanata cewa caji ofis ba wurin karɓo wa mutane kuɗi ba ne. Na fahimci dalilin da ya sa jama'a ke ganin akasin haka. Mai mota yakan yi laushi muddin motarsa na kwance tana asarar lodi, ranar da ta fita kuma wayarsa ta daina shiga. Wannan matsin lamba ne da kuka rasa, amma haƙƙinku bai bi motar ba. Sai dai in kana da wata hujja ƙarara da ba ka ambata ba, ba na ganin ƙarar 'yan sanda za ta kawo wa ƙanenka ko kwabo, kuma a hannunsu rahoton da kuke bukata yake.

Hanyoyi biyu ne mutane ke cuɗawa. Gurfanar da direba kan tuƙin ganganci aikin hukuma ne, ƙarshensa tara ko ɗauri. Alƙali na iya haɗawa da umarnin a biya wanda aka ji wa rauni wani abu, amma da wuya ya kai abin da aka kashe. Neman kuɗin magani da asarar sana'a ƙara ce daban, wanda aka ji wa ciwo ne ke shigar da ita da kansa. Ka lura da wannan da kyau: haƙƙin na ƙanenka ne. Tunda baligi ne mai hankali, kai ba ka da ikon yafewa ko sa hannu a madadinsa sai da wakilci daga gare shi, gara kuma a rubuce.

Maganar birki, ban ɗauke ta da nauyin da direban ke so a ɗauke ta ba. Wanda ya bugi abin hawa ta baya da rana tsaka, ana sa ran shi zai yi wa kotu bayanin yadda aka yi, kuma cewa birki ya ƙwace ba ya wanke shi kai tsaye. Za a tambaya yaushe rabon da bakanike ya duba birkin, wane irin lodi aka ɗora, da wane gudu ya shigo wuri mai cunkoso irin Kwangila, inda keke da babur da masu talla da manyan motocin Kano da Funtuwa ke cakuɗe wuni guda. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana sa gudun wuce kima a sahun gaba na abin da ke jawo haɗari, duk wanda ke bin hanyar Samaru kuma ya san yadda wasu direbobin tifa ke tsere don su ƙara sawu ɗaya kafin magariba. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mai sakaci nauyin abin da ya ɓata. Rahoton VIO ne zai fi yin magana a nan, don haka ku nemi kwafinsa tare da rahoton 'yan sanda. Takardar buƙata kawai lauya zai rubuta.

Shi kuwa Alhaji, kada ka ɗauka kasancewarsa mai mota kaɗai ya isa. Ƙa'idar ita ce ubangida na ɗaukar alhakin sakacin yaronsa idan abin ya faru a bakin aiki. Idan direban ma'aikacin gidan bulon ne, yashin kuma na gidan ne, to da alama maganarku a kansa tana da ƙarfi, kotu ma takan fara da zaton cewa direba aikin mai mota yake yi har sai mai motar ya nuna akasin haka. Amma in ya fito da yarjejeniyar cewa ya sayar wa direban motar ne yana biya kaɗan-kaɗan, ko haya ya bayar ana kawo masa balas ba shi da ta cewa kan inda za ta, lissafin na iya canzawa. Dubu 200 da ya aiko ba lallai kotu ta ɗauke ta a matsayin amsa laifi ba, zai ce taimako ya yi. Duk da haka, mutumin da motarsa ta kwantar da magidanci wata biyu, kashe waya bai dace da shi ba, ko lauyansa ma ba zai ba shi wannan shawarar ba.

Abin da ban ga ka ambata ba sam shi ne inshora, alhali wataƙila nan kuɗin yake. Tun dokar 1945 wajibi ne duk motar da ke hawa titi ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗinta naira dubu 15 ga ƙananan motocin gida, da iyakar miliyan 3 a kan ɓarnar dukiya, manyan motocin dakon kaya kuma miliyan 5. Wannan iyaka ta dukiya ce, kamar keken da aka murƙushe. Rauni a jikin mutum lissafinsa daban. Matsalar ita ce da yawa daga takardun inshorar da ke cikin motoci na bogi ne, an saya ne a hannun 'yan kamasho don a nuna a shingen bincike. Ka samo lambar tifar, tana cikin rahoton 'yan sanda, a duba ta a shafin NIID na tantance inshorar motoci a intanet. In inshorar ta gaske ce kuma ba ta ƙare ba ranar haɗarin, sai a sanar da kamfanin a rubuce tun yanzu, domin rashin sanar da su a kan lokaci na daga cikin ƙofofin da suke bi su zame. In ta bogi ce, nauyin ya dawo aljihun Alhaji da direbansa, shi ma kuma ya san ya aikata wani laifin na daban, wanda hakan kan sa mutum ya so zaman sulhu.

Batun rabin diyya, ina ganin wanda ya faɗa muku ya yi gaggawa. A fiƙihun Malikiyya rabin diyya na wanda ya rasa ƙafa ne ɗungurungum, ko amfaninta ya tafi baki ɗaya. Karaya a cinya ko ƙwauri ba ta da adadi yankakke. Ana jira ta warke, sannan a ƙiyasta aibin da ta bari, in ta bari. Malaman fiƙihu sun fi ni zurfi a nan, ku tuntuɓi wanda ya san babin sosai. Ka kuma sani cewa shigo da kamfanin inshora cikin shari'a a kotun Musulunci abu ne mai wuya, don haka zaɓen kotu ba abin yi da zafin rai ba ne. Kada ku ɗora ranku kan wasu miliyoyin da aka ambata a majalisa, har ku ƙi tayin da ya dace in ya zo.

A babbar kotu, abin da aka kashe sai an tabbatar da shi ɗaya bayan ɗaya. Rasit na asibiti, na hoton ƙashi, na kantin magani, kuɗin motar kai shi da dawo da shi, duk a tattara a leda guda. Asarar sana'a ma haka. Cewa "yana samu sosai" ba hujja ba ce. A nemo littafin da yake rubuta awo da kuɗin ɗinki, da saƙonnin shigar kuɗi a wayarsa, da wani abokin sana'a da zai iya shaidar abin da tela irinsa ke samu, musamman gab da salla. In keken ɗinkinsa na takawa ne, likita ya rubuta ƙarara ko ƙafar za ta iya komawa wannan aiki, domin tela da ƙafarsa ta sandare asararsa ta wuce ta wata biyu. Raɗaɗi da wahala da naƙasa kuwa alƙali ne ke ƙiyastawa, ba wanda zai iya yi maka alkawarin adadi.

Inda na fi jin tsoro shi ne ɗauke shi daga asibiti. Ban zarge ku ba, rashin kuɗi ne, kuma akwai masu ɗorin da suka san aikinsu. Amma lauyan ɗaya ɓangaren da wannan zai fara: zai ce karayar da motarsu ta yi mai gyaruwa ce, ku kuka lalata ƙafar. Mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya ajiye fayil. Karayar cinya da ta kai wata biyu ba a taka ba tana buƙatar likitan ƙashi ya sake gani, ko da babu maganar shari'a. Ku mayar da shi Shika a sake hoto a makon nan, ku nemi rahoton likita. Haka kuma ka tambaye shi a ina ya zauna a keken. In a gefen direba ne, ko an yi lodin da ya wuce ƙa'ida, za su ce shi ma da nasa sakacin, kotu kuma na iya rage abin da za ta ba shi gwargwadon haka. Ragewa ce dai, ba hanawa ba. In ya bayyana mai keken ma ya tsaya a tsakiyar hanya yana ɗaukar fasinja, ana iya haɗawa da shi a ƙarar.

Takardar da aka kawo muku, kada kowa ya sa mata hannu yanzu. Irin waɗannan takardu kusan kullum suna ɗauke da layin da ke cewa an karɓi kuɗin a matsayin biyan ƙarshe, ba sauran wata magana. Bayan an sa hannu gaban shaidu, warware ta na da matuƙar wuya. In gobe likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, dubu 300 ɗin ba lallai ta kai ko'ina ba. Ba tayin ne laifi ba, lokacinsa ne bai yi ba, tunda har yanzu ba wanda ya san iyakar raunin.

Duk da haka sulhu nake ba ku shawara, ba kotu ba. Ƙara a babbar kotun jiha da ke Dogarawa na iya ɗaukar shekaru, ga ɗage zama, ga ɗaukaka ƙara, ga kuɗin lauya, bayan hukunci kuma sai an sake wata fafutukar kafin kuɗi su shigo hannu. Shari'a saɓanin hankali ce, ƙanenka kuma magani yake buƙata a bana. Da zarar rahoton likita ya fito, lauya ya rubuta wa Alhaji da direban da kamfanin inshora takardar neman haƙƙi da lissafi a jere, a ba su wa'adi. A nemi mai unguwa ko wani dattijo da Alhajin ke jin kunyarsa ya zauna a tsakani. In hakan ya faskara, ɓangaren shari'a na Jihar Kaduna na da zauren sasanci, inda za a iya mayar da abin da aka amince a kai ya zama hukuncin kotu. Yarjejeniyar ta faɗi adadi, da ranakun biya, da wanda zai ɗauki nauyin aikin tiyata in ya taso, da cewa dubu 200 na farko na cikin lissafi ko ba ta ciki, da abin da zai biyo baya in an saɓa. "Za mu riƙa taimakawa" ba sharaɗi ba ne, kada ku karɓe shi.

Kada kuma sulhun ya zama hanyar cinye muku lokaci. Dokar jiha ta yanke wa'adin shigar da irin wannan ƙara, yana tafiya ne tun daga ranar haɗarin, kuma zaman sasanci ba lallai ya tsayar da shi ba. In ma bincike ya nuna motar ta wata hukumar gwamnati ce, wa'adin na iya zama wata uku kacal, kun kuwa riga kun ci biyu. In kuɗin lauya ne matsala, Hukumar Tallafin Shari'a ta ƙasa, bisa dokarta ta 2011, tana karɓar ƙarar haɗari ga masu ƙaramin ƙarfi, akwai kuma cibiyar taimakon shari'a ta ɗaliban lauya na Jami'ar Ahmadu Bello a harabar Kongo da za su iya duba muku takardu. Ka je musu da katin asibiti, da rasitan da kuka samu, da lambar tifar, da ita takardar da aka ce ka sa wa hannu.