Gungume mai juyawa a gasar Ninja: inji ne ke kayar da mutane, ko su ke kayar da kansu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Akwai wata gasa da muke kallo a talabijin, inda mutane ke tsallake shingaye iri-iri a saman ruwa, wanda ya kuskure sai dai ya ji shi tsundum. A ciki akwai wani gungume mai juyawa da ke cinye mutane da yawa, har da ƙarti majiya ƙarfi. Mun yi musu da abokina a majalisarmu. Shi ya ce inji ne a ciki, kuma akwai wanda ke zaune a ɓoye yana ƙara masa gudu idan ba a so mutum ya wuce. Ni na ce ba haka ba ne, amma na rasa hujja. Wanda ya faɗi shi zai biya kuɗin shayi na mako guda. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In dai gungumen kuke magana, to ka gaya wa abokinka ya fara haɗa kuɗin shayi. Babu inji a cikinsa. Nauyin mutumin da ya hau shi ne ke juya shi, kuma ƙarfin da ke wurgar da shi ruwa daga jikinsa ya fito. Amma kada ka yi saurin dariya, domin abokin naka ba daga iska ya ɗauko maganar ba, akwai inda ya gan ta. Za mu zo wurin.

Uwar waɗannan gasanni ita ce Sasuke ta ƙasar Japan, wadda gidan talabijin na TBS ya fara nunawa a 1997. Ana ɗaukar ta a filin Midoriyama da ke birnin Yokohama, mutum 100 ke shiga kowane karo, matakai huɗu ne, kuma kuskure ɗaya ya isa ya fitar da kai. Daga ita ne Amurkawa suka kwaikwayi American Ninja Warrior a 2009. To a cikin waɗannan gasanni gungume mai juyawa iri biyu ne, kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya alhali ba hanya ɗaya suke kayar da mutum ba.

Na farko shi ne wanda ake runguma. Ya shigo Sasuke a 1999, suna kiransa Rolling Maruta, kalmar "maruta" kuwa gungume take nufi a harshensu. An ɗora bakinsa biyu a kan dogo mai gangara. Ɗan gasa zai kwanta a kansa, ya naɗe shi da hannuwa da ƙafafu, sannan ya tura ƙasa da ƙafa. Shi ke nan, sai gangara ta karɓi aikin, gungume ya mirgina da mutum manne a jikinsa har ƙarshen dogon. Ka ga duk abin da ake buƙata ke nan: gangara da nauyi, kamar yadda ganga ke mirginawa in ka sake ta a kan tudu. Ma fi ƙarfin hujja, an sha ganin gungumen ya cije a tsakiyar hanya da mutum a kai, yana ta mutsu-mutsu don ya sake tayar da shi, lokaci kuma na tafiya. Abin da inji ke ja ba ya yin haka.

Amma me ya sa ƙato mai damatsa zai kasa riƙe icen da ko yaro zai iya runguma? Nan ne lissafin yake da daɗi. Ka san majaujawa: in ka ɗaura dutse a igiya kana juya shi, za ka ji igiyar na neman ƙwacewa daga hannunka, kuma da ka saki sai dutsen ya tafi abinsa. Duk abin da ke motsi miƙewa yake so ya yi, sai an tilasta masa kafin ya bi da'ira. A kan gungumen nan, kai ne dutsen, hannuwanka da ƙafafunka su ne igiyar.

Bari mu sa adadi don a gane. A ce nauyinka kilo 70, kuma tsakiyar nauyin jikinka na nesa da tsakiyar gungumen da santimita 30. In gungumen na yin zagaye ɗaya a daƙiƙa, ƙarfin majaujawar ya ɗan haura nauyin jikinka. Lokacin da kake sama ba ka jin komai, domin nauyinka na danna ka a kan icen yayin da majaujawa ke ɗaga ka, sai su kusan kashe juna. Rabin daƙiƙa bayan haka kana ƙasa, ka juye rigingine, sai su biyun su haɗa kai su ja ka wuri guda. A wannan ɗan lokaci hannuwanka da ƙafafunka na riƙe da abin da ya kai kilo 150, wato buhun siminti uku. Kuma abin ba a hankali yake hawa ba: in gudun juyawar ya ninka sau biyu, ƙarfin majaujawar ninkawa yake sau huɗu. A zagaye biyu cikin daƙiƙa, lissafin ya haura kilo 400, buhu takwas ke nan. Waɗannan adadi misali ne na kafa, amma ƙa'idar haka take ko da wane gungume aka gwada.

Abin da ya fi cutar da mutane ba girman nauyin ba ne kaɗai, yadda yake zuwa ne. Ba ja ne na bai ɗaya ba, fizga ce, ta zo ta tafi a kowane zagaye. A fizgar farko ƙirji ya ɗan rabu da icen. Wannan 'yar tazarar ta ƙara nisanka daga tsakiya, kuma in nisan ya tashi daga santimita 30 zuwa 40, a gudu iri ɗaya jan ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. A fizga ta biyu ƙafa ta warware. Ta uku kuwa yatsu kaɗai suka rage, su kuma ba su da abin yi. Idan ka sake kallo ka lura da kyau, galibi ƙafafu ne ke fara sakewa kafin hannu. Gwanayen kan harɗe sawunsu a bayan icen, su manna kumatu da ƙirji a jikinsa, su zama kamar ɓawon itacen. Daga baya masu shirya Sasuke suka sa wa dogon matakala, yadda gungumen zai riƙa faɗowa ƙasa kaɗan yana cikin mirginawa. Ba su ƙara masa inji ba, girgiza kawai suka ƙara, don ta buɗe wannan tazarar tsakanin ƙirji da ice.

Wannan ne kuma amsar abin da ya ba ku mamaki game da ƙarti. Jan majaujawa da nauyin mutum yake tafiya: mai kilo 100 zai sha fizgar da ta fi ta mai kilo 60 nesa ba kusa ba. Ƙarfin riƙo kuwa ba ya ƙaruwa daidai da nauyi. Shi ya sa za ka ga marasa jiki ne suka fi cin gasar. Mutum huɗu kacal suka taɓa gama dukkan matakan Sasuke: Kazuhiko Akiyama a 1999, Makoto Nagano a 2006, Yuuji Urushihara a 2010 da 2011, sai Yusuke Morimoto a 2015 da 2020. Nagano masunci ne, gajere, wanda aikin jirgin ruwa ya gina masa hannu. Urushihara takalma yake sayarwa. A Amurka ma, Isaac Caldiero da ya lashe dala miliyan 1 a 2015 mai hawan duwatsu ne, sana'ar da ƙarfin riƙo ya fi tarin tsoka amfani a cikinta.

Iri na biyu shi ne wanda ake bi ta kai da gudu. An kafa shi a kwance kamar gada, an sa masa ƙarfe a tsakiya yadda zai juya a sake, ba birki ba komai. Kafin a taka shi tsit yake, ba ya motsi. Wannan kaɗai ya isa hujja. In ƙafarka ta sauka daidai a kan ƙoƙuwarsa, nauyinka ya bi ta tsakiya ya sauka, babu abin da zai juya. In ta kauce da faɗin yatsa biyu zuwa dama, to ka zama mai tura shi dama. Muguntar abin ita ce kuskuren kansa yake ciyarwa: da icen ya fara juyawa sai ya tafi da ƙafarka can gefe, ita kuma da ta ƙara nisa sai ta ƙara tura shi. Kafin ƙwaƙwalwa ta ce a gyara, an gama.

Me ke ceton wanda ya wuce? Nauyin icen kansa. Abu mai nauyi ba ya tashi da gudu nan take, sai ya ɗauki ɗan lokaci. Ƙafar mai gudu ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa a ƙasa, saboda haka in ka taka ka ɗauke da sauri, ka bar wurin kafin icen ya gama amsa takunka. Mai tsoro shi ke tafiya sannu-sannu yana lallaɓawa, ya ba icen duk lokacin da yake buƙata. A ganina wannan ne shingen da ya fi kowane cin amanar hankali, domin abin da zuciya ke gaya maka, wato ka yi a hankali, shi ne ainihin abin da zai jefa ka ruwa. Masu horarwa kan ce a kafa ido a ƙarshen gungumen ba a ƙafa ba, a yi gajeren taku, kuma in ya fara juyawa kada a tsaya gyara, a ƙara wuta.

Ba ma sabon abu ba ne. Masu saran itace a arewacin Amurka, waɗanda ke koro gungumai a kan kogi tun ƙarni na 19, sun mayar da tsayuwa a kan gungume mai juyawa cikin ruwa wasa. Har yau ana gasarsa a garin Hayward na jihar Wisconsin, inda ake taron zakarun duniya na masu saran itace tun 1960. Mutum biyu ke hawa ice ɗaya, kowa na juya shi da ƙafa don ya kayar da ɗan'uwansa. Kalli ƙafafunsu, ƙananan taku ne masu sauri kamar ana yi musu kiɗa.

Yanzu ga inda abokinka ke da gaskiya. Akwai wani shiri daban, Wipeout, wanda tashar ABC ta Amurka ta fara a 2008, BBC ma ta yi nata mai suna Total Wipeout da aka riƙa ɗauka a Ajantina. A can akwai wata doguwar sanda mai laushi da ke zagayawa kamar hannun agogo, 'yan gasa na tsaye a kan turaku suna tsallake ta. Wannan kam inji ke juya ta, kuma ana ƙara mata gudu yayin da wasa ke tafiya. Sai dai ba a ɓoye ake yi ba, kuma duk waɗanda ke kan turakun sanda ɗaya ce ke bin su. Shirin dariya ne, faɗuwar ita ce hajar da ake sayarwa. Ina zaton shi ya gani ya haɗa da na Ninja.

To me ya sa a ido gungumen ke yi wa wani gudu fiye da wani? Wani ya tura da ƙarfi tun farko. Wani jikinsa ya karkata gefe guda sai juyin ya zo da fizge-fizge. A fili ake yin gasar, in an yi ruwan sama ko raɓa ta sauka da dare komai sai ya yi santsi. Sannan akwai hannun masu tace hoto, waɗanda ke rage gudun wata faɗuwar, su maimaita ta sau uku, su yanke waɗanda suka wuce lafiya saboda ba su da armashi.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba, wanda ni ya fi ba ni sha'awa. Mutum ya tsira daga gungumen runguma, ya miƙe, ya doshi shinge na gaba, sai ka ga yana tangaɗi ya faɗa ruwa a wurin da ba shi da wuya. Jiri ne. A can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai na juyawa. In ka yi ta juyi sai ruwan ya bi ka, in ka tsaya farat ɗaya shi bai tsaya ba tukuna. Kunne na cewa har yanzu ana juyawa, ido na cewa an tsaya, ƙafa ta rasa wanda za ta bi. Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san wannan, ka tsaya amma gari na ci gaba da zagaya ka. A Wipeout har wata na'ura suka yi musamman don ta juya mutane kafin a sake su su yi gudu. A Sasuke kuwa agogo ne ke matsa maka: ka tsaya jiri ya sake ka, daƙiƙu na zuba, ka ruga kuma ƙafa ba taka ba ce. Tsofaffin hannu kan ɗan dakata su kafa ido a kan abu ɗaya da ba ya motsi, su ja numfashi, sannan su ci gaba.

Idan abokinka ya ƙi yarda da duk wannan, ku nemi gangar ƙarfe wadda babu komai a ciki, ku kwantar da ita a kan yashi mai laushi, nesa da dutse da siminti, mutum biyu su riƙe masa hannu ya hau ya tsaya. Ya san dai babu inji a gangar. Daga nan ku ɗura mata yashi ta yi nauyi, ya sake hawa, zai ji yadda ta daina saurin gudu daga ƙarƙashinsa. Ka tabbata ya cire wayarsa daga aljihu kafin ya hau.