Dalilin da ya sa ake fara hawan bangon Eiger cikin dare

Malam, ka tambaya daga nan Maradi me ya sa masu hawan bangon arewa na dutsen Eiger, a ƙasar Suwizalan, suke tashi tun kafin asuba da fitila a goshi maimakon su jira gari ya waye.

Amsar tana cikin ƙanƙara. Bangon ya kai kusan mita 1,800 a tsaye, kuma ƙanƙara ce take riƙe da tsakuwa da manyan duwatsun da ke cikin tsagoginsa. Da rana ta yi zafi sai ƙanƙarar ta fara narkewa, duwatsun su saki kamar yadda katangar laka take zubewa bayan ruwan damina, su faɗo da gudu kan duk wanda yake ƙasa, hular kwano kuwa ba ta tare babban dutse. Shi ya sa mai hankali yake so ya wuce filayen ƙanƙarar da ke tsakiyar bangon tun sanyi bai sake su ba, lokacin da haƙoran ƙarfen da ke ɗaure a takalminsa da gatarin ƙanƙara suke kama wuri sosai, kuma ƙusar da ake murɗawa cikin ƙanƙara don maƙala igiya take zama daram.

Mutum huɗu da suka fara cin wannan bango a 1938, cikinsu har da Anderl Heckmair da Heinrich Harrer, sai da suka kwana a jikinsa. A ganina duwatsun Ayar na Agadas za su koya wa mutum aikin igiya, amma ba su da ƙanƙarar da za ta koya masa wannan lissafin lokaci.