Amsa kan Canon EOS 300 ta gado: lafiyarta ƙalau, ga ta inda za ka fara

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Na ga tambayarka. Ka ce ka gaji kyamarar fim Canon EOS 300 da lens ɗinta mai 28-80 (28 na ɗaukar faɗi, 80 na jawo nesa), da ka sa mata fim sai ta yi ta gurnani na ɗan lokaci, sannan ta nuna 36 maimakon 1, kuma duk hoton da ka ɗauka lambar raguwa take yi. Ga shi in ka saita wani abu lens ɗin ya yi ta kai da komo ya ƙi tsayawa. Kana son sanin ko ta lalace ne, in kuma lafiyarta lau, ta ina za ka fara.

Ba abin da ya same ta, kuma don Allah kada ka bari wani mai gyara ya kwance ta saboda wannan. Haka Canon suka yi ƙananan EOS ɗinsu: da ka rufe murfin baya, sai ta zare fim ɗin gaba ɗaya daga cikin gwangwaninsa, duk hoton da ka ɗauka kuma ta mayar da shi ciki. Shi ya sa take ƙirga abin da ya rage maka. Dabara ce mai kyau, domin in yaro ya buɗe murfin bisa kuskure, hotunan da suka riga suka koma gwangwani sun tsira, wanda ba a ɗauka ba ne zai ƙone. Kai dai wajen sa fim ka ja bakinsa ya kai alamar nan mai ruwan lemo, ya kwanta sosai, kuma yatsanka kada ya taɓa siririn labulen da ke tsakiya, wato shota mai buɗewa haske ya shiga.

Da irin waɗannan muka ci abinci a bukukuwa da sunaye a Agege da Idi-Araba kafin dijital ta zo ta kore su, don haka na san halinsu. Minolta 7000 ta 1985 ce ta buɗe wannan hanya ta kyamara mai saita kanta, Canon suka biyo da EOS 650 a 1987, taka kuwa ta 1999 ce, wato tana cikin na baya-baya, bayan an gyara yawancin matsalolin farko. Kada ka raina ta don jikinta roba ne kuma ba ta da nauyi. Fim ɗin da lens ɗin su ke yin hoto. Abin da za ka riƙe shi ne, kamar yaron shago ce mai ƙwazo: lissafi ta iya, amma ba ta san wanda kake so a fara sallama ba sai ka gaya mata.

To mu zo kan kai da komon lens. Kyamarar nan ba mutum take gani ba, iyaka take nema, inda haske da duhu suka haɗu. In ka saita ta a kan farin bango, ko sararin sama, ko tsakiyar farar shadda inda babu aiki, ba ta da abin kamawa, sai ta yi ta lalube. Haka in wuri ya yi duhu, ko ka matsa kusa da yawa. Ka nemo mata iyaka: ido, gefen hula, aikin wuyan riga. Nan take za ka ji ta tsaya.

Babban abin da nake so ka fara yi shi ne ka bar koren akwatin nan da ke kan mamurɗin sama. A can ita ke zaɓar inda za ta saita daga cikin maki bakwai da kake gani in ka leƙa, kuma yawanci abin da ya fi kusa take kamawa. Ka ɗauka amarya na zaune, ƙawaye sun kewaye ta, wata ta miƙo hannu da waya ta gabanka. Hannun nan zai fito tangaran har da zanen lalle, fuskar amarya kuma ta zama hazo. A dijital za ka gani ka sake, a fim sai bayan an wanke, biki ya watse, dangi sun koma Kano. Ka murɗa zuwa P (ita ke saita haske, amma ta bar maka zaɓen maki) ko Av (bayaninsa na tafe), ka danna maɓallin zaɓen maki da ke baya kusa da babban yatsanka, ka juya 'yar tayar da ke kusa da maɓallin ɗauka har ya rage na tsakiya kaɗai. Daga nan aikin iri ɗaya ne kullum: ɗora makin tsakiya a kan idon mutum, danna maɓalli rabi, ka ji ƙara ka ga koren ɗigo a ƙasan tagar leƙe, kana riƙe da shi a haka ka gyara tsayuwar hoton yadda kake so, sannan ka ƙarasa dannawa a hankali. Wannan rabin dannawar sai yatsa ya saba da ita. In fim ɗin da ke cikinta ya ƙare, ka yi ta gwadawa a ɗaki ba fim a ciki, kyamarar na aiki ko babu shi, ba ka yi asarar komai ba sai ɗan batir. In ta ƙi kamawa sam, akwai maɓallin AF (saitin kanta) da MF (saitin hannu) a jikin lens, ka mayar MF ka murɗa da hannu. Amma yana kan AF kada ka tilasta zoben, haƙoran cikinsa na roba ne.

Sai haske, kuma a nan ne mu masu ɗaukar mutanenmu muke da aiki na musamman. Ma'aunin kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki ne, ba fari ba baƙi ba. Ranar Juma'a ko Sallah, ka tsayar da dattijo cikin babbar riga fara sol, ma'aunin zai ga haske ya yi yawa ya rage, rigar ta fito toka-toka, fuskar baƙin mutum kuma ta nutse, ba ka ganin komai sai ido. Maganinsa ka riƙe maɓallin Av+/- da ke baya ka juya taya zuwa +1. Haka in haske na bayan mutum, kamar a bakin ruwa ko bakin ƙofar shago. Fim mai launi irin wanda ake samu yana jure ƙarin haske sosai, amma ba ya yafe ƙaranci: inuwa sai ta yi datti, launi ya mutu. In kana shakka, ka ƙara. Kuma ka tuna ka mayar da shi sifili in ka gama, don ba ta mayarwa da kanta.

A Av kai ke zaɓar faɗin ƙofar haske, ita ta zaɓi gudun shota. Ƙaramar lamba irin 4 ko 5.6 tana narkar da bayan mutum, 8 ko 11 tana fito da jama'a duka in hoton taro ne. Idonka ya riƙa duba ɗaya lambar da ke cikin tagar leƙe, ta gudun shota: 90 na nufin kashi ɗaya cikin 90 na daƙiƙa. In lens na kan 80 kada ta sauka ƙasa da 90, in a 28 ne za ka iya riƙe 30 in ka dafe gwiwar hannu a jikinka. Iyakar gudunta 2000, don haka da fim mai ƙarfin 400 (lambar da ke jikin kwalinsa, mai nuna saurin kama haskensa) a ranar tsaka ta Legas ba za ka buɗe fiye da 8 ba, za ka ga 2000 na ƙiftawa. Shi ya sa na fi son 200 don waje. Lens ɗin da ke hannunka kuma ba ya son duhu, a cikin ɗaki dole sai filasha, kuma 'yar filashar kanta da fim mai 200 ba ta wuce kimanin mita uku. Ka ɗaga ta ko da rana in kana ƙarƙashin rumfar biki, domin jar tamfol ko shuɗiya tana rina fuskoki. Nan gaba in kuɗi sun samu, ka nemi EF 50mm f/1.8, shi zai nuna maka abin da kyamarar nan za ta iya. Ka lura a kasuwa: duk lens mai EF, mai jan ɗigo, zai hau, amma EF-S mai farar alama na dijital ne, ba zai shiga ba, kada a sa ka matsa shi.

Abin da ke kashe kyamara a garin nan danshi ne, ba aiki ba. Cire lens ɗin yau, ka haska shi da fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. In ka ga wani abu kamar saiwa fara-fara ta bazu a jikin gilashi, fumfuna ce. Kaɗan a gefe ba ta hana hoto, amma tana yaɗuwa, kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashin. Jakar fatar da Baba ya ajiye ta a ciki, ka riƙe ta don fita kawai. Ajiya kuwa sai robar abinci mai murfi da ke kamawa gam, ka zuba 'yan ƙullin silika irin na cikin kwalin takalmi, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da ruwa ba ya ɗagawa. In ka fito daga ɗaki mai esi, ka bar ta cikin jaka ta saki sanyi kafin ka buɗe, in ba haka ba gilashi zai yi raɓa. Ka kuma buɗe baya bayan ka cire fim ɗin da ke ciki, ka duba labulen shota ko akwai baƙin maiƙo a jikinsa. An fi ganin wannan a tsofaffi irin 650 da 1000, wata roba ce a ciki ke narkewa, amma dubawa ba ta cin komai.

Batir CR2 take ci guda biyu. Ana samu a Computer Village ta Ikeja da shagunan kayan hoto na cikin Eko, sai dai ka duba kwanan wata don akwai waɗanda suka kwana a kanta. Ka cire su in za ka ajiye ta. Idan ka ci karo da mariƙinta BP-200 a wajen masu kayan tokumbo, ka saya, yana ba ka damar sa batir AA guda huɗu irin na agogon bango, wanda ko a kan titi za ka samu.

Maganar fim, shawarata ka nemo mai wanki tun kafin ka sayi na biyu, domin shagunan wankin da muka sani a da yawancinsu sun koma buga hoton dijital kawai. Ka tambaye shi ko yana wankin C-41, shi ne na fim mai launi irin Kodak Gold 200 da ColorPlus 200 da UltraMax 400. Baƙi da fari irin Ilford HP5 maganinsa daban ne, ba kowa ke yi ba. Na gwaji ya zama sabo, wanda kwanansa bai ƙare ba. In ka sa tsohon da ya shekara goma a cikin zafi hotuna suka fito kore-kore, ba za ka san laifin fim ne ko na kyamara ba. Ita za ta karanta ƙarfin fim da kanta daga azurfa da baƙin zanen jikin gwangwani. Ka ajiye shi a firij cikin leda, ka bar shi ya saki sanyi kafin ka buɗe robarsa, kuma kada ka bar shi cikin mota a go-sulo. In wani zai zo maka da shi daga waje, ya sa a jakar hannu ya roƙi a duba da hannu, na'urar kayan ƙasan jirgi tana lalata shi.

Wanda ke cikinta yanzu ka ɗauke shi na karatu. Ka samu ɗan littafi, kowane hoto ka rubuta lambarsa da ƙofar haske da gudun shota da ko ka ƙara haske. Ka ɗauki mutum ɗaya a inuwa, a rana, da haske a bayansa, kowanne sau biyu, ɗaya a sifili ɗaya a +1. A gida ko shagonku za ka yi wannan. A kan titi ko kasuwar Mile 12 ka yi sallama ka nemi izini tukuna, kuma ka nisanci bariki da wuraren jami'an tsaro. Ka gama shi cikin mako ɗaya ko biyu ka kai wanki, kada ya yi watanni a ciki.

In ka je karɓa, kada ka yarda a ba ka sikanin kaɗai, ka karɓi nagatif ɗinka. Na'urar sikanin tana gyara haske da kanta, tana ɓoye kuskure. Ka ɗaga nagatif ɗin a hasken taga kana riƙe da gefe: wanda ya yi garau kamar ba komai a jikinsa haske ya yi masa kaɗan, wanda ya yi kauri haske ya ishe shi. In ka ga wani ɓangaren hoto ya yanke a wuri guda a hotuna da yawa, shota ce, wannan kam sai mai gyara. Ka ɗora mana hotunan da na nagatif ɗin tare da abin da ka rubuta a littafin, in sha Allahu mu duba su ɗaya bayan ɗaya.