Tambayoyinku: wai ramin makaroni ado ne?

TAMBAYA: Salam Anti, daga wani ƙauye kusa da Ringim nake, sana'ata murza taliya. Ƙanina ya kawo min tsarabar makaroni daga Kano kala uku, wata mai rami da zane-zane a jiki, wata a murɗe, sai doguwar siririyar nan. Duk na dafa da manja da yaji amma mai ramin sam bata yi daɗi ba, man ya gudu ya kwanta a ƙasan kwano. Dan Allah ado ne kawai ko da dalili?

AMSA: Wa'alaikissalam 'yar uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Wallahi ba ado bane, mutanen Italiya masu abin kowace siffa da irin miyarta suke yinta. Siririyar nan supageti ita ce ta mai, a birnin Napoli na Italiya tafarnuwa da man zaitun da ɗan barkono kawai suke soya mata, man ya bi jikinta sili-sili, kinga kenan ita ce daidai da manja da yajinki. Mai ramin kuma, penne ko rigatoni, miya mai kauri take so, dage-dage da niƙaƙƙen nama ko wake, naman ya shige ramin, zanen jikin ya riƙe miyar, kina tauna kina jin komai a loma ɗaya, to da kika sa mata mai zalla me zai zauna a ramin? Murɗaɗɗiyar sunanta fusilli, ki mata jajjage da kifi ko alayyahu yankakke ƙanana, lungunanta zasu kwashe.

Akwai kuma maganar kaushi, ni nan ne yafi burge ni. A garin Gragnano kusa da Napoli ta injin da aka ƙera bakinsa da tagulla suke matso ƙullin, sai taliyar ta fito da kaushi kamar an barbaɗa mata gari, miya na taɓa ta ta manne. Wadda aka matso ta inji mai bakin Teflon, wato wata irin roba mai santsi, sulɓi gareta tana sheƙi a leda, kyau a ido amma miya zamewa take. Sannan busasshiyar taliyarsu da alkama mai tauri ake yi, durum, har doka suka kafa akan haka a 1967, shi yasa bata saurin caɓewa irin tamu ta fulawa.

Abin da ke damuna da girkinmu shine ɗaurayewar nan da ruwan sanyi bayan an tace. Ɗan danƙon sitacin da kike wankewa shi ke haɗa miya da taliya fa. Ki sauke ta da ɗan sauran ƙarfinta, ki ɗebi ludayi ɗaya na ruwan dahuwar ki zuba a miyar, ki juye taliyar ciki ki juya minti ɗaya zuwa biyu akan wuta. 'Yar murjinki ma ki gwada mata haka, sai dai ki tsaya a kanta don ita nan da nan take nuna.